Tambaya da Amsa: In bar addata a dakushe saboda yara?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Na tare a sabon gida a bayan garin Zariya. Daminar bana ta bar mini ciyawa har ƙugu a bayan katanga, ga sabara da ƙaya, ga rassan darbejiya sun sauko kan kwano. Watan jiya ƙanena ya aro addar maƙwabci zai taya ni aiki, ta goce ta same shi a ƙwauri, sai da aka yi masa ɗinki. Tun ranar hankalina bai kwanta ba. Ina so in sayi tawa, amma Hajiyarmu da abokaina sun ce kada in kuskura in wasa ta, in bar ta yadda aka sayo, wai ko ta sami mutum ba za ta shige shi ba, balle ga yara a gida. Wace iri zan saya, kuma maganar tasu haka take?

Amsa: Wa alaikumus salam. Allah ya ba ƙanen naka lafiya, ya kiyaye gaba.

Bari in sallame ka a kan saye tukuna, don shi ne mai sauƙi. Aiki iri biyu ne a gabanka. Ciyawa tana son adda doguwa, siririya, marar nauyi, inci 20 zuwa 22. Sabara da reshe suna son gajeriya mai nauyi a kai. In ɗaya tak za ka saya, ɗauki mai inci 18, za ta yi maka duka biyun daidai gwargwado. Reshen da ya fi damtsenka kauri kuwa ba na adda ba ne, na gatari ne ko zarto. Ta kamfani da aka fi sani a nan ita ce mai tambarin kada, Crocodile, wadda asalinta na kamfanin Martindale ne a Ingila, sai dai jabu ya yi yawa, tambari kaɗai kada ya ruɗe ka. Ta maƙeranmu da ake ƙerawa da sifirin mota ta fi nauyi, ta fi dacewa da itace, amma tana saurin gajiyar da hannu a ciyawa. Kowacce ka ɗauka, dafa kanta a ƙasa ka ɗan lanƙwasa ta. Mai kyau za ta koma miƙe, ta banza za ta tsaya a karkace. Sannan ka girgiza ƙotar da ƙarfi. In ka ji tana ƙwas-ƙwas, ko ka ga ƙusa ta saki ko itacen ya tsage, ajiye musu abinsu ko da kyauta ne.

To, sai maganar washi. Wallahi na gaji da jin wannan magana, ina jin ta a gona, ina jin ta a kasuwa, har daga bakin masu ilimi. Hajiya ƙauna ce ta sa ta faɗa, Allah ya saka mata da alheri, amma ka je ka zauna ka yi mata bayani cikin ladabi, domin abin da ake gudu shi wannan shawara take jawowa.

Ka koma wajen maƙwabcin nan ka ce ya nuna maka addar da ta sari ƙanenka, ka duba bakinta. Zan yi mamaki in ka same ta da kaifi. Adda mai kaifi in ta sauka a kan reshe, kamawa take yi, ta nutse, ƙarfin saran ya ƙare a cikin itacen. Dakusasshiya ba ta kamawa. Kan ɓawon take zamewa, ƙarfin da ka zuba kuma yana nan bai tafi ko'ina ba, sai ya ɗauke ta ya kai inda ba ka nufa ba. Ina ne a ƙasan reshen? Ƙwaurinka, ko gwiwarka, ko hannun hagun da ka riƙe reshen da shi. Ƙari a kan haka, da yake ba ta ci, dole ka ƙara ƙarfi. Wurin da sara biyu daga wuyan hannu zai isa, sai ka ga mutum yana ɗaga ta sama da kai yana dankarawa sau goma, yana haki, tafin hannu ya jiƙe da gumi. A sara na takwas ko na tara, lokacin da hannu ya mutu ido kuma ya daina auna wuri, a nan ake samun rauni.

Batun wai ba za ta shiga jiki ba kuma, ƙarfe ne fa mai nauyi da ƙato ya wurgo da iya ƙarfinsa. Ƙwauri ba shi da tsoka a gaba, fata ce a kan ƙashi. Dakusasshiyar adda farke fatar take yi, ta daddatsa naman, ta tura ƙasa da tsatsa ciki, wani lokaci ta taɓa ƙashin. Na taɓa tsayawa a kan wani magidanci a gona ana ɗaure masa ƙafa da rawani, addar tana yashe a gefe, bakinta ko rake ba zai fere ba. Abin da yake ta maimaitawa shi ne, "Ai ba ta da kaifi, ai ba ta da kaifi." Har aka ɗora shi a babur bai yarda ita ta yi masa wannan aika-aika ba.

Sabuwar adda da ka gani a dakushe, ba don a yi aiki da ita haka aka bar ta ba. Kamfani yakan fitar da bakin sama-sama ne, ya bar wa mai saye ya ƙarasa. Sayi magagari tare da ita. Danne ta a kan kututture, ka riƙa tura magagarin daga gindi zuwa kai, yatsunka nesa da bakin, gefe da gefe daidai wa daida, sannan ka bi da dutsen washi da ruwa. Bar kamar faɗin yatsu huɗu kusa da ƙota ba washi, don in hannu ya zame ya sami wurin tsayawa. Kada ka mai da bakin siriri kamar aska, zai karye a kan itace. Masu injin washi na bakin hanya kuma, akwai na kirki, amma da yawansu danna ƙarfen suke yi a kan dutse har bakin ya yi shuɗi, mai adda yana kallon tartsatsi yana murna. Wannan shuɗin ƙuna ne, taurin ƙarfen ya tafi, kwana biyu za ta koma gidan jiya. In dole sai inji, tsaya a kansa ya riƙa tsoma ta a ruwa.

Yara kuwa, dakushewa ba ta tsare su. Yaro ɗan shekara biyar in ya ɗaga ta ta faɗo masa a ƙafa, sai ta yi masa illa ko yaya bakinta yake. Illar ma ita ce da zarar an ce "ba ta da kaifi", sai a riƙa jingine ta a bayan ƙofa ko gindin randa. Kai wa baduku ya ɗinka mata kube, ka goge ta ka shafa mata ɗan mai bayan aiki, ka kulle ta a sito.

Wajen aiki, sara a karkace, kada ka sara a miƙe, kuma ka lura inda addar za ta ƙare in ta wuce babu ƙafarka a wurin. Ciyawa kada ka kama ta da hannu, yanki sanda mai ƙugiya ka riƙa janyo ta da hagu. Sandan nan zai kuma tayar maka da abin da ke kwance a ciki, don bayan damina kububuwa da kasa ba sa rasa irin wannan wuri, saboda haka sa takalmin roba mai tsawo, ban da silifas. Kowa ya ja baya taku biyar ko fiye. Rassan da ke kan kwano, in akwai wayar lantarki kusa, ko sai an hau tsani, nemo masu sana'ar ka biya su.

Akwai masu cewa sun sha maganin ƙarfe, akwai kuma masu sayar musu da shi a kasuwa da lasifika. Duk wanda ya ce maka ƙanenka da ya sha da bai yanku ba, kada ka tsaya sauraronsa. Haka masu cewa a zuba man birki ko fetur ko toka ko ƙasa a kan sara. Ƙwayar cutar sarƙe haƙora a cikin ƙasa da kashin dabbobi take zaune, kai kuma ka ɗebo ta da hannunka ka cusa a rauni, in abu ya lalace a ce tsautsayi ne ba ya wuce ranarsa. Ƙaddara gaskiya ce, amma Manzon Allah (SAW) cewa ya yi a ɗaure raƙumi sannan a yi tawakkali. In an yanke, danne wurin da tsumma mai tsabta, ka ɗaga shi sama, in jini ya lafa a wanke da ruwa mai tsabta, a nufi asibiti.

Shi ma ƙanen naka, ka tambaye shi yau ɗin nan ko bayan ɗinkin an yi masa allurar sarƙe haƙora. In bai tabbata ba, ku koma asibitin gobe da safe da katinsa.