Wane rikodin Winterreise ya fi?

Malam, kan tambayarka ta wane rikodin Winterreise (jerin waƙoƙi 24 na murya da fiyano, waɗanda Franz Schubert na Ostiriya ya tsara kiɗansu) masu sharhi suka fi yabo, sunan da za ka fi ji shi ne mawaƙin Jamus Dietrich Fischer-Dieskau, musamman wanda ya yi da Gerald Moore a fiyano a 1955. Suna yaba yadda yake furta kowace kalmar Jamusanci tsaf a waƙoƙin nan 24. Amma fa ba kowa ba, marubuci Roland Barthes na Faransa ya caccake shi a 1972 wai gwanintar ta yi yawa har ba ka jin jikin mutum a muryar. Ni dai na 1955 zan ce ka fara da shi, don wanda ya yi da makaɗin fiyano Alfred Brendel a 1985 fiyanon ya yi daɗi sosai amma muryar ta fara gajiya kam.