Awa Nawa Ne Daga Abuja Zuwa Jidda?

Tambaya: Assalamu alaikum. Zan raka mahaifiyata Umra. Tikitinmu ya nuna za mu tashi daga Abuja ƙarfe 10 na dare mu sauka Jidda ƙarfe 5 na asuba, awa bakwai ke nan. Amma a dawowa na ƙirga awa uku kacal. Ko kuskure aka yi? Daga wani mai karatu a Kubwa, Abuja.

Amsa: Wa alaikumus salam. Allah ya kai ku lafiya, ya karɓi ibada. Babu kuskure, Malam, bambancin agogo ne. Saudiyya tana gaban Najeriya da awa 2, kuma kowane lokaci da ke kan tikiti agogon garin da aka ambata ne. Ƙarfe 5 na Jidda ƙarfe 3 ne a Abuja. Cire biyu daga bakwai, ƙara biyu a kan uku, za ka ga zuwa da dawowa duk awa 5 ne.

Ga inda biyar ɗin ta fito. Daga filin jirgin Nnamdi Azikiwe zuwa na Sarki Abdul'aziz da ke Jidda kusan kilomita 3,700 ne a miƙe, ta saman Chadi da Sudan, a tsallaka Bahar Maliya. Jirgin fasinja kan ci kilomita 850 a awa idan ya daidaita a sama, wato awa 4 da minti 20. Ragowar tana tafiya ne wajen gangarawa kan titin jirgi, jiran izinin tashi, hawa sama da saukowa. Iska ma tana da hannu: ta baya tana tura jirgi, ta gaba tana riƙe shi.

Sai dai jirgi ba kullum yake samun miƙaƙƙiyar hanya ba. Da yaƙi ya ɓarke a Sudan a Afrilun 2023 aka rufe sararin samaniyarta, jiragen alhazan Najeriya zagaye suka riƙa yi, tafiya ta ƙara tsawo, mai ya ƙara ƙonewa. Don haka ka tambayi wanda ya yanka muku tikiti hanyar da za a bi.

Abin da muka fi so ka duba, tunda da dattijuwa za ka yi tafiya, shi ne ko akwai yada zango. Ta Addis Ababa, alal misali, nisan yakan kai kilomita 4,900, ga zaman jiran jirgi na biyu, wanda wani lokaci ya fi tafiyar kanta gajiyarwa. Tikitin kan yi sauƙi, amma ƙafar tsohuwa ce ke biyan cikon. Ku nemi a tanadar mata keken turawa tun wajen yankan tikiti, maganinta kuma ya zauna a jakar hannu.

Ku isa filin jirgi awa 3 kafin tashi. Daga tsakiyar gari kusan kilomita 40 ne, kuma wanda ya san cunkoson Lugbe da yamma ba ya wasa da lokaci. Idan cikin hunturu ne, hazo kan jinkirta tashi. Haraminka ya kasance a jikinka ko a hannunka, kada ya bi babban akwati cikin jirgi, domin ba za ka sake ganin akwatin ba sai kun sauka. Daga nan kuma akwai tafiyar mota ta fiye da awa guda zuwa Makka.