Kuɗina kaɗan ne, ina son haɗa kwamfutar gem: ina zan zuba su?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Na jima ina tara kuɗi domin in haɗa kwamfutar tebur ta buga gem, amma abin da na tara bai taka kara ya karya ba. Wasannin da nake so su ne EA Sports FC, GTA V da Fortnite, wani lokaci kuma Warzone. Wani abokina ya tsara mini kayan da zan saya: furosesa Core i7, RAM 32GB, akwati mai gilashi da fitilu wanda ke zuwa da PSU ɗinsa (na'urar raba wuta) a ciki, sai katin girafik RX 6500 XT da abin da ya rage. Ya ce i7 ce ke sa gem gudu. In saya haka? Kuma shin akwai haɗari a sayen katin girafik na hannu?

Amsa: Wa'alaikumus salam ɗan'uwa. Ka dakata tukuna, kada ka biya kuɗin wannan tsarin. Abokinka da kyakkyawar niyya ya yi, amma ya tura kuɗin inda gem ba ya cin moriyarsu sosai, ya bar katin girafik da guntun canji. A kwamfutar gem, katin girafik ne ke zana duk hoton da idonka ke gani, sau sittin ko sama da ɗari a kowace daƙiƙa. Shi ake fara zaɓa, sauran kayan su biyo bayansa. Ni idan zan raba ƙaramin kuɗi, wajen kashi 40 cikin 100 na kuɗin kayan ciki nake ware wa katin, wani lokaci ma fiye.

Kafin katin ma akwai abin da ba ka ambata ba, wato monita. Da ƙaramin kuɗi ka tsaya a 1080p. Idan da hali ka nemi mai 144Hz ko 165Hz (yawan sabunta hoto a daƙiƙa), mai FreeSync (tsarin daidaita monita da saurin katin), domin a Fortnite da Warzone santsin motsi ya fi amfani a kan ƙarin kyan hoto. Monitar 4K kuwa nauyi ce kawai za ta ɗora wa katinka, don ɗigon hoton da ke cikinta ya ninka na 1080p sau huɗu.

RX 6500 XT da aka ba ka shawara ba kati ne da zan so ka saya ba. Ya fito a farkon 2022 da ma'ajiyar hoto 4GB kacal, kuma layuka huɗu na PCIe kawai yake amfani da su wajen magana da madabod, wato babban faifan da ake jona duk kayan a kai. Idan ka sa shi a madabod mai PCIe 3.0, hanyar da dama siririya ce ta ƙara ragewa da rabi, sai ka ga gem yana tafiya yana sarƙewa da zarar 4GB ɗin ta cika. Ba shi kuma da sashen naɗar bidiyo na H.264, saboda haka idan wata rana ka so naɗar wasanka ko ka watsa shi kai-tsaye, aikin zai faɗa kan furosesa. Mataki ɗaya a samansa akwai RX 6600, wanda ya fito a 2021 da 8GB, yana cin wuta wat 132. Tazarar da ke tsakaninsu a wasa babba ce, kuma duk wasannin da ka lissafa zai ɗauke su a 1080p ba tare da wahala ba. Idan kuɗin ya ɗan miƙe, ka duba RX 7600 ko RTX 4060, dukansu na 2023 masu 8GB. RTX 4060 ya yi fice wajen ƙarancin cin wuta, wat 115. RTX 3060 mai 12GB shi ma kati ne mai kyau, sai dai ka kula akwai wani RTX 3060 ɗin mai 8GB da bai kai shi ƙarfi ba. Intel Arc B580 mai 12GB, na ƙarshen 2024, yana da daɗin saye, amma yana buƙatar a kunna masa saitin Resizable BAR a BIOS (shafin saitin madabod), kuma ya fi son sabuwar furosesa. Duk wanda ka zaɓa, kada ka sauka ƙasa da 8GB. Ita kanta 8GB ɗin ta fara matsewa a sababbin manyan wasanni idan aka ƙure saitin hoto, balle 4GB.

Maganar i7 kuwa, a nan mutane da yawa ke yin asara. Sunan i7 shi kaɗai ba ya gaya maka komai sai ka ga lambar da ke biye da shi. Core i7-4790 ta 2014 koa (injinan lissafi na cikin furosesa) huɗu gare ta, Core i3-12100F ta 2022 ita ma koa huɗu, amma i3 ɗin ta fi ta gudu nesa ba kusa ba a wajen gem. Tsohuwar i7 ɗin ma ba ta cikin waɗanda Windows 11 ta amince da su, domin daga zubi na takwas na Intel aka fara, ga shi Microsoft ta daina tallafa wa Windows 10 a Oktoban 2025. Idan kuma sabuwar i7 abokinka yake nufi, to kuɗinta zai cinye rabon katin, sannan ta zauna tana jiran kati mai rauni ya gama zane. Furosesa mai koa shida ta ishe ka: Ryzen 5 5600 ko Core i5-12400F. Dukansu na 2022 ne, kuma waɗanda aka sayar a kwalinsu suna zuwa da fankar sanyaya su, ka ga an rage maka kashe kuɗi ɗaya.

Ka lura da haruffan ƙarshe. F a furosesar Intel na nufin ba ta da girafik na cikin jiki, haka ma Ryzen 5 5600. Idan babu katin girafik a jone, ko hoto ba za ka gani a monita ba. Ryzen 5 5600G ita tana da nata girafik, kuma tana da amfani ga wanda zai haɗa kwamfuta yau ya sayi kati bayan wasu watanni. Amma ma'ajiyarta ta L3, ƙaramar ma'ajiya mai sauri ta cikin furosesa, 16MB ce, rabin 32MB ɗin 5600, kuma a PCIe 3.0 ta tsaya. Tunda kai tare da katin za ka saya, 5600 ɗin ta fi maka.

Madabod furosesa ce ke zaɓa maka ita. Ryzen 5 5600 soket (mazaunin furosesa) AM4 take shiga, sai ka nemi B550, ko B450 idan ka matsu. Ita B450 ka tabbatar an sabunta BIOS ɗinta don karɓar Ryzen 5000, in ba haka ba kwamfutar ba za ta tashi ba. Core i5-12400F soket LGA1700 take so, wato B660 ko B760, ko H610 idan ana tsimi. Madabod ɗin LGA1700 iri biyu ne, akwai na DDR4 akwai na DDR5, kuma RAM ɗin ɗaya ba ya shiga ramin ɗaya, don haka ka karanta jikin kwalin. Za ka ji masu cewa AM4 ta tsufa, ka tafi AM5 da ta fito a 2022. Gaskiyarsu, AM5 ta fi gaba mai tsawo, amma DDR5 kaɗai take karɓa, kuma idan ƙarin kuɗin nan daga rabon katin za ka cire shi, ban ba ka shawara ba. Madabod mai tsada ba ta ƙara wa gem gudu. Abin dubawa shi ne ramin M.2 na sa SSD, da ramukan RAM huɗu idan ya samu, da kuma Wi-Fi idan ba za ka ja waya ba.

RAM 16GB ya wadatar da wasannin da ka ambata. Sai dai ka saye shi sanda biyu, 8GB sau biyu, DDR4-3200, maimakon sanda ɗaya mai 16GB. Sanda biyu suna buɗe wa furosesa hanya biyu a lokaci guda, kuma ana jin bambancin a wasanni irin Warzone. A madabod mai ramuka huɗu, yawanci rami na biyu da na huɗu ake sa su idan ka ƙirga daga wajen furosesa, waɗanda aka rubuta wa A2 da B2. Bayan ka kunna, ka shiga BIOS ka kunna XMP, saitin da ke sakin cikakken gudun RAM, don idan ka bar shi haka RAM ɗin zai iya zama a 2133 ko 2400 alhali kuɗin 3200 ka biya. Ƙarin zuwa 32GB abu ne mai sauƙi daga baya. Wajen ajiya, SSD na NVMe mai 1TB. 500GB zai yi a farko, amma GTA V kaɗai yana cin wajen 100GB.

Abin da ya fi tayar mini da hankali a tsarin nan shi ne PSU ɗin da ke zuwa kyauta a cikin akwati. Wannan ita ce na'urar da ke karɓar wutar bango ta raba wa kowane sashe, kuma ita kaɗai ce idan ta lalace za ta iya tafiya da katin da madabod da SSD gaba ɗaya. Araha ba ta ado, ɗan'uwa. Ka juya ta gefe ka karanta takardar da aka manna mata. Za ka ga babban rubutu, misali 500W, amma ka sauke ido zuwa ɗan jadawalin da ke ƙasa, ka nemi layin da aka rubuta +12V. Katin girafik da furosesa daga wannan layin suke shan wuta. Idan an rubuta 18A a ƙarƙashinsa, ka ninka 18 da 12, ka samu wat 216. Ƙarfinta na gaskiya ke nan a wajen gem, sauran adadin ado ne. PSU mai kyau ta wat 550 tana ba da kusan dukkan ƙarfinta a +12V, wato wajen 45A. Ka kuma ɗaga ta a hannu. Ta bogi sau da yawa ba ta da nauyi, wayoyinta sirara, kuma ba za ka ga wayar PCIe mai haƙora takwas da RX 6600 ke buƙata ba. Kada ka yarda a yi maka dabarar jona katin da ɗan adafta daga wayar SATA, wannan hanyar narkewar waya ce.

Haɗin Ryzen 5 5600 da RX 6600 da sauran kayan ba ya kai wat 300 a tsakiyar wasa, don haka PSU mai wat 550 zuwa 650 ta ba ka sarari har da canjin kati nan gaba. Ka nemi ta kamfanin da aka sani, irin su Corsair, Seasonic, MSI ko Cooler Master, mai garantin shekara biyar ko kusa da haka, kuma mai kariya daga hauhawar wuta da haɗuwar waya. Tambarin 80 Plus Bronze alheri ne, amma abin da yake aunawa shi ne yawan wutar da ba ta salwanta ta zama zafi. Bai isa shaidar ingancin kayan ciki ba, shi ya sa nake son ka nemi sakamakon gwajin ainihin samfurin kafin ka biya.

Akwati kuwa, ka zaɓi mai raga a gaba da fanka biyu ko uku, ka auna tsawon katin ka tabbata zai shiga. Fitilu su jira.

Game da katin hannu: ana saye, kuma ga mai ƙaramin kuɗi nan ne ake samun ƙarfi mai yawa da kuɗi kaɗan. Haɗarin yana nan, musamman da yake katuna masu yawa sun yi aikin haƙar kuɗin kirifto dare da rana kafin Ethereum ta daina wannan tsarin a Satumban 2022. Wannan bai sa kowane irin katin ya zama matacce ba; fanka da man sanyaya su ne suka fi jigata. Sharaɗina ɗaya ne, kada ka biya sai ka ga katin yana aiki a gabanka. Ka buɗe manhajar GPU-Z ka ga ko suna da girman ma'ajiyar sun dace da abin da aka ce maka, domin akwai tsofaffin katuna da ake sauya wa suna. RX 580 misali akwai na ainihi mai ƙananan injinan lissafi 2304 akwai mai 2048SP wanda bai kai shi ba, kuma ni a yau ba zan sa ka sayi ko wanne ba, na ainihin ma kati ne na 2017 mai cin wat 185. Sannan ka sa manhajar gwajin kati ta FurMark ko gem mai nauyi ya yi minti goma sha biyar zuwa ashirin. Kana kallon allo ko za ka ga ɗige-ɗige masu launi, ko layuka, ko hoton ya ɗauke ya dawo. Kana kuma kallon zafi. Idan ya haura digiri 85 yana ci gaba da hawa, akwai magana. Ka kasa kunne ga fankokin, ka ga duka suna juyawa babu ƙara irin ta gogayya. Ka gwada kowane rami na HDMI da DisplayPort ɗaya bayan ɗaya, ka duba bayan katin ko akwai tsatsa ko tabon ƙuna. Mai sayarwar da ya ƙi a gwada, ka bar masa kayansa. Furosesa da RAM da akwati na hannu ba su cika ba da matsala ba. PSU da SSD kuwa sababbi za ka saya.

Ranar da ka haɗa, wayar monita a jikin katin girafik za ka jona ta, ramukan da ke ƙasa a kwance, ka bar na madabod da ke sama. Ka sauke direban katin daga shafin AMD ko Nvidia ko Intel, sannan ka shiga saitin allo na Windows ka ɗaga shi zuwa 144Hz da hannunka, domin sau da yawa a 60Hz yake tashi.