Aiki Na Je Nema, Aka Miƙo Mini Sadaka

TAMBAYA: Assalamu alaikum, Anti. Shan inna ya kama ni ina 'yar shekara uku, tun daga nan da sanduna biyu nake tafiya. Na yi NCE a fannin lissafi. Watan jiya wata makarantar kuɗi ta kira ni intabiyu. Ofishin shugaban yana saman bene, na hau matakala goma sha takwas ina ƙirgawa, gumi ya jiƙa mini hijabi sharkaf. Da na shiga, ko takarduna bai buɗe ba. Ƙafafuna ya duba, ya ce koyarwa sai mai ƙoshin lafiya, sannan ya zaro dubu ɗaya ya ce in hau adaidaita. Na ajiye masa kuɗinsa a kan tebur na fito. Mahaifiyata ta ce na yi rashin kunya, ba a mayar da hannun kyauta baya. Anti, na yi laifi? Akwai abin da zan iya yi?
Ɗiyarki daga Kano.

AMSA: Wa alaikumus salam, 'yata. Sau uku na karanta wasiƙarki, kuma duk inda na zo kan dubu ɗayar nan sai zuciyata ta yi zafi. Ba ki yi laifi ba. Kyauta ana yin ta ne don a faranta wa mutum. Wannan kuwa an ba ki ita ne don ki tashi ki ba shi wuri, ya samu abin da zai rarrashi zuciyarsa da shi.

Ciwon da ke damun mu ke nan. Mun saba ganin gurgu, makaho da kuturu a bakin masallaci ran Juma'a, har idonmu ya daina raba nakasa da bara. Na taɓa tsayawa a layin banki bayan wani makaho, sanye da shadda mai sitaci, ya zo ajiye cinikin shagonsa. Wata baiwar Allah ta matso ta danƙa masa naira ɗari, tana cewa a saka ta a addu'a. Ya yi shiru, ya sunkuyar da kai. Ita tana ganin lada ta samu, ba ta san abin da ta fasa a ransa ba.

Ki zaunar da Mama cikin ladabi, domin tsoron bakin duniya ne ya sa ta faɗi haka. Ki tuna mata Abdullahi ɗan Ummu Maktum, makahon da Suratu Abasa ta sauka a kansa. Ladani ne tare da Bilal, kuma Manzon Allah (SAW) ya sha barinsa yana jan salla a Madina idan tafiya ta kama. Amana aka ɗora masa, da nakasarsa.

Game da abin yi kuwa, doka tana bayanki. A watan Janairun 2019 Shugaba Muhammadu Buhari ya sa hannu a kan dokar haramta nuna wa nakasassu wariya. Mutumin da aka samu da laifi zai biya tarar naira 100,000, ko ɗaurin wata shida, ko a haɗa masa duka biyun. Kamfani kuwa naira miliyan ɗaya. Dokar ta ba gine-ginen da jama'a ke shiga wa'adin shekara biyar su yi hanyar da keken guragu zai bi, wa'adin ya cika tun Janairun 2024, amma ga ki kina ƙirga matakala. Ta kuma buƙaci ma'aikatun gwamnati su ware aƙalla kashi 5 cikin 100 na guraben aiki ga masu buƙata ta musamman. An kafa Hukumar Kula da Nakasassu ta Ƙasa a 2020, kuma Ayuba Gufwan da aka naɗa shugabanta a 2024, shi ma shan inna ne ya kama shi yana yaro.

Ba zan ɓoye miki ba, aiki da dokar yana tafiyar hawainiya, kuma irin shugaban nan ba ya rubuta maganarsa a takarda. Saboda haka yau ɗin nan ki rubuta ranar, lokacin, da kalmomin da ya faɗa kamar yadda suka fito daga bakinsa. Kada ki goge saƙon da suka kira ki da shi. Ki kai ƙorafi ofishin Hukumar Kare Haƙƙin Ɗan Adam ta Ƙasa da ke Kano, ba a biyan ko kwabo. Ki nemi ƙungiyar nakasassu ta JONAPWD su raka ki, domin tsintsiya ɗaya ba ta shara.

Sannan idan hukumar ilimin bai-ɗaya ta jiha, wato SUBEB, ta buɗe ɗaukar malamai, ki cika, ki ambaci kashi biyar ɗin nan a takardarki. Malaman lissafi, musamman mata, nemansu ake yi a makarantunmu. Ki sake rubuto mini in ji yadda kuka ƙare da Mama.