Kafin Ki Ci Bashi, Sayi Littafi da Ma'aunin Zafi

Tambaya: Ina haɗa yogot ina sayarwa, ƙanena ne ke kula da aikin. Kusan haɗi ɗaya cikin biyar yakan lalace, ya tsinke ko ya yi wari. Ina so in ci bashi in ninka aikin sau uku, in kuma rubuta a jikin roba cewa yana maganin ciwon ciki. Me kake gani?

Amsa: Hajiya, ajiye maganar bashin nan tukuna. Haɗi ɗaya cikin biyar kashi 20 cikin 100 ke nan na jarinki a kwata, kuma ba ki faɗa mini dalili ba, domin ba ki da shi a rubuce. Wace rana ya lalace? Madarar ta kai zafi nawa? Ƙarfe nawa aka zuba iri, wato ƙwayoyin da ke mayar da madara yogot? Ƙanenki zai ce "yadda aka saba na yi", ke kuma kunya ta hana ki matsa masa.

Ma'aikatanki na gaskiya ƙwayoyin bakteriya biyu ne, Lactobacillus bulgaricus da Streptococcus thermophilus. Suna son ɗumin digiri 42 zuwa 45 a ma'aunin Celsius. A nan suke cinye sukarin madara su fitar da tsamin da ke daskarar da ita, tsamin kuma shi ke hana miyagun ƙwayoyi sakewa. Idan iri ya yi rauni ko ɗumin ya sauka, tsami ya makara, kin shimfiɗa wa miyagun tabarma ke nan. Wasunsu kan ninka yawansu duk minti 20. Staphylococcus aureus, wadda ke zaune a fata da hancin mutane da yawa, tana barin dafin da ko tafasawa ba ta kashe shi.

A shekarar 2000 kamfanin Snow Brand na Japan ya ga haka. Wuta ta ɗauke na 'yan sa'o'i a masana'antarsa ta Hokkaido, madara ta zauna da ɗumi, aka ci gaba da sarrafa ta, mutum fiye da 13,000 suka kamu da ciwo. Na kuma san wata da ta faɗaɗa sana'arta da kuɗin bashi, haɗi guda ya kwantar da yaran wata makaranta. Da masu bincike suka zo, ko takarda ɗaya ba ta da ita da za ta nuna daga wace tukunya ya fito, sai aka kwashe kayan gaba ɗaya, bashin yana nan wuyanta.

Gyara kayanka ba ya zama sauke mu raba. Ba wa ƙanenki littafi: lambar haɗi, zafin dahuwa (digiri 85 na rabin sa'a), lokacin zuba iri, lokacin shiga firij, sanyin firij ƙasa da digiri 5, sannan ya sa hannu. In ya ji haushi, nemi wani ki biya shi.

Batun "maganin ciwon ciki" kuwa, goge shi, kada ki jawo wa kanki hukumar kula da abinci. Ki dawo da littafin bayan wata uku. In asara ta sauka ƙasa da kashi 5, sai mu zauna kan maganar bashi.