Idan Aka Saye Kamfanin Disney, Ina Makomar Jiragen Ruwansa?

Tambaya: Na karanta cewa an taɓa yunƙurin saye kamfanin Disney baki ɗaya, kuma har yanzu akan ji manyan masu hannun jari suna matsa wa shugabanninsa lamba. Kamfanin yana da jiragen ruwa na yawon shaƙatawa. Idan wani ya saye shi, me zai sami jiragen, da ma'aikatansu, da wanda ya riga ya biya kuɗin tafiya?

Amsa: An yi yunƙurin kam. A watan Fabrairun 2004 kamfanin Comcast na Amurka ya yi tayin saye Disney da hannun jari na kimanin dala biliyan 54, ba da son shugabannin Disney ba. Hukumar daraktoci ta ƙi, Comcast kuma ya janye a ƙarshen Afrilu. A lokacin jirage biyu kacal Disney yake da su, Disney Magic na 1998 da Disney Wonder na 1999, kuma ba su Comcast ya hango ba. Idonsa yana kan tashoshin talabijin irin su ESPN da ABC. Wannan shi ne haɗarin farko: sashen jiragen ruwa na iya faɗawa hannun wanda bai zo dominsa ba.

A watannin farko babu abin da fasinja zai gani ya canza. Mai saye hannun jarin uwar kamfani yake saye. Jiragen suna ƙarƙashin wani reshe mai rajista a Ingila, Magical Cruise Company Limited, kuma tutar Bahamas suke ɗagawa. Tikitin fasinja da kwantiragin ma'aikaci da yarjejeniyar tashar jirgi duk da wannan reshen aka ƙulla su, shi kuma yana nan da sunansa. Kamar sayen gida ne da 'yan haya a ciki: maigida ya canza, yarjejeniyar haya ba ta mutu ba. An kuma riga an fitar da jadawalin tafiye-tafiye fiye da shekara guda a gaba, an karɓi kuɗin mutane a kansa.

Inda abin yake fara cizo shi ne bashi. Idan da hannun jari aka yi cinikin, kamar yadda Comcast ya so, nauyin bai cika yawa ba. Idan kuwa da rance aka yi, to daga ribar kamfanin da aka saya za a riƙa biya, kuma sashen da ya fi cin jari shi ake fara dubawa. Babban jirgin shaƙatawa na zamani yana haura dala biliyan 1. Yadda aka saba, mai oda yana biyan kimanin kashi 20 cikin ɗari lokacin da ake ƙira, sauran 80 ranar da aka miƙa masa jirgin. Wannan kashi 80 galibi rance ne na shekara 12, wanda hukumar lamunin fitar da kaya ta ƙasar da aka ƙera jirgin take tsaya wa: Euler Hermes a Jamus, SACE a Italiya, Finnvera a Finlan. A irin waɗannan takardun rance akan saka sharaɗin cewa idan ikon mallaka ya koma wani hannu, masu ba da rance suna da damar neman kuɗinsu ko su sake zaman ciniki. Haka ma takardun bashin kamfanoni da yawa a Amurka: in aka saye kamfanin kuma darajarsa wajen biyan bashi ta faɗi, masu takardun na iya tilasta masa ya fanshe su, yawanci da ɗan ƙari a kan asalin kuɗin. Lauyoyin mai saye waɗannan shafukan suke fara buɗewa.

Soke odar jirgi ba abu ne mai arha ba, don haka da wuya sabon mai kamfani ya taɓa wanda aka riga aka yanka wa ƙarfe. Masana'antun da ke iya ƙera irin waɗannan jirage ba su da yawa: Meyer Werft a Papenburg ta Jamus, Meyer Turku a Finlan, Fincantieri a Italiya, da Chantiers de l'Atlantique a Saint-Nazaire ta Faransa. Layi ake bi na shekaru. Disney ya ba Meyer Werft odar Disney Dream a 2007, jirgin bai fara ɗaukar fasinja ba sai Janairun 2011. Abin da mai bashi a wuya yake yi shi ne ya bar damar ƙarin oda ta wuce ba tare da ya ɗauka ba, wani kamfani ya shiga gurbinsa. Illar ba ta bayyana sai bayan shekara biyar ko shida, lokacin da abokan hamayya suke da sabbin jirage shi yana fama da tsofaffi. A 2023 Disney ya yi shelar zuba kimanin dala biliyan 60 cikin shekara goma a wuraren shaƙatawa da jiragen ruwa, a 2024 kuma ya ce jiragen za su kai 13 zuwa 2031. Irin wannan alƙawarin ne sabon mai kamfani yake iya ragewa cikin ruwan sanyi.

Wuri na biyu da ake matse hannu shi ne garambawul. Doka ta tilasta a riƙa fitar da jirgin fasinja daga ruwa ana duba ƙasansa, galibi sau biyu cikin kowace shekara biyar, kuma wannan ba ya tsallakuwa. Amma sabunta ɗakuna, canza darduma, gyara gidajen abinci da wuraren wasan yara zaɓi ne. Jirgi zai ci gaba da cika sharuɗɗan tsaro alhali cikinsa yana tsufa.

Idan bashin ya fi ƙarfin uwar kamfani, jiragen ba su tsira ko da suna kawo riba. Kamfanin Genting Hong Kong ya sayi kamfanin jiragen shaƙatawa na Crystal Cruises a 2015 kan dala miliyan 550, ya kuma sayi masana'antun ƙera jirage a Jamus. Da annobar korona ta tsayar da tafiye-tafiye, ya durƙushe a Janairun 2022. A watan Fabrairu aka tsare jiragen Crystal biyu a Bahamas saboda kuɗin mai da ba a biya ba. (Wani ƙaton jirgin da Genting ya bari ba a gama ƙerawa ba, Disney ne ya saye shi a 2022, ya raɗa masa suna Disney Adventure domin aiki daga Singafo.)

Ɗaya hanyar ita ce mai saye ya yanke sashen jiragen ya sayar don rage bashi. A nan ne Disney ya bambanta da sauran, kuma a ganina wannan ya fi komai nauyi a tambayarka. Jirgin Disney ba shi da gidan caca, abin da yawancin manyan kamfanonin ke samun kuɗi mai kauri da shi, duk da haka tikitinsa ya fi na sa'o'insa tsada. Iyaye suna biya ne saboda sunan, da 'yan wasan katun da yaransu suka sani, da wasannin dandali. Wanda ya sayi ƙarfen jirgi ba tare da waɗannan ba ya sayi abin da kowa yake da shi. Dole ke nan a haɗa cinikin da lasisi, kuma lasisi yana da wa'adi.

An ga yadda hakan ke ƙarewa. Daga 1985 kamfanin Premier Cruise Line ne ke da izinin ɗaukar 'yan katun ɗin Disney a jiragensa daga Port Canaveral ta Florida. Yarjejeniyar ta ƙare a 1993, Premier ya koma amfani da na Warner Bros., Disney ya fito da nasa jiragen a tashar guda, Premier ya rufe a 2000. Babban kamfanin jiragen shaƙatawa Royal Caribbean ma ya yi kusan shekara tara da 'yan katun ɗin DreamWorks kafin a daina a 2019. Amma lasisi na iya ɗorewa idan an tsara shi da kyau. Oriental Land Company na Japan ne ke da Tokyo Disneyland tun buɗe shi a 1983, Disney kuɗin lasisi kawai yake karɓa, kuma a 2024 suka amince a yi haka da jirgin ruwa. Abubuwan da ke raba nasara da asara a cikin takardar suke: tsawon wa'adi, ko mai lasisi shi kaɗai ke da izini a teku, wane ne ke da ikon duba inganci da horar da ma'aikata, da kuma ko an haramta abubuwa irin su caca. Akwai kuma asarar da ba a rubutawa. A yau ana sayar wa iyali kwanaki a Walt Disney World haɗe da tafiyar jirgi daga Port Canaveral, tazarar kimanin awa guda a mota. In aljihu ya zama biyu, sai an yi ciniki kan kowane fasinja.

Wa zai saya? Idan manyan abokan hamayya ne irin su Carnival ko Royal Caribbean, hukumomin hana babakere na Amurka da Tarayyar Turai za su shigo. Lokacin da kamfanonin biyu suka yi takara kan sayen kamfanin jiragen shaƙatawa na P&O Princess, daga ƙarshen 2001 aka fara, sai Afrilun 2003 Carnival ya kammala. Idan kamfanin zuba jari ne mai sayen kasuwanci ya gyara ya sake sayarwa, kamar yadda Sycamore Partners ya sayi kamfanin jiragen shaƙatawa na Azamara a 2021 kan dala miliyan 201, ba a samun wannan cikas sosai, sai dai shi bayan 'yan shekaru zai nemi mafita. Tsibirin Castaway Cay, inda jiragen Disney suke yada zango, shi ma yana cikin lissafi: hayar shekara 99 ce daga gwamnatin Bahamas, kuma irin wannan haya ba a cika miƙa ta ga wani ba sai gwamnati ta yarda.

Ma'aikatan ofis a tudu su ake fara sallama, don a nan ayyuka ke maimaituwa. Na cikin jirgi kwantiragin watanni suke yi, saboda haka ba sai an kore su ba, ƙin sabuntawa ya isa. Disney Dream yana ɗaukar fasinja har 4,000 da ma'aikata kusan 1,450. In aka rage wannan adadi a hankali, a teburin cin abinci da gyaran ɗaki za a fara ji. Yarjejeniyar ƙwadagon teku ta duniya ta 2006 ta wajabta inshorar mayar da ma'aikaci gida da biyan wani ɓangare na albashinsa idan aka yasar da jirgi.

Shi kuwa fasinja, canjin mai kamfani ba ya soke tikitinsa, kuma ba ya ba shi damar janyewa kyauta. Har zuwa tsakiyar 2025, kafin alƙalamin Disney yawanci kashi 20 cikin ɗari ne na kuɗin tafiya. Tafiyar da ke tashi daga tashar Amurka tana da kariyar hukumar sufurin teku ta Amurka, Federal Maritime Commission, wadda ke tilasta wa kamfani ajiye jingina, sai dai jinginar tana da iyaka, ta ɗan haura dala miliyan 30, alhali kuɗin da babban kamfani ke riƙe da shi na fasinjoji ya ninka haka sau da yawa. Wanda ya biya da katin bashi yana iya neman banki ya dawo masa da kuɗinsa. Wanda ya tura ta asusun banki ko ta hannun wakilin tafiye-tafiye, kamar yadda matafiya da yawa daga Najeriya suke yi, sai ya shiga layin masu bin bashi in kamfanin ya karye. Kafin ka sayi inshorar tafiya, ka duba ko ta ambaci karyewar kamfani a fili, domin da yawa ba su rufe wannan ba. Rangwame da matsayin tsofaffin kwastomomi na Castaway Club kuwa kamfani na iya canza su a duk ranar da ya ga dama.