Farkawa daga Ƙasa da Matsayin Salihi a Sufancin Yahudawa

Tambaya: Malam, na ji ana cewa a sufancin Yahudawa alherin sama ba ya sauka sai ɗan Adam ya fara motsawa daga ƙasa. Mene ne asalin wannan magana, kuma ta ina salihin bawa ya shigo ciki?

Amsa: Ɗan'uwa, wannan koyarwa ta Kabbala ce, wato sufancin Yahudawa, kuma tushenta littafin Zohar ne, wanda ya bayyana a ƙasar Sifen a ƙarshen ƙarni na 13 ta hannun Musa de Leon, ko da yake mabiya Kabbala suna jingina shi ga Rabbi Shimon bar Yohai na ƙarni na 2. Da harshen Aramiya ana kiranta itaruta diletata, wato farkawa daga ƙasa. Suna kafa hujja da farkon Attaura, inda aka ce ba a yi ruwan sama ba tukuna, babu kuma mutumin da zai noma ƙasa, sai tururi ya tashi daga ƙasa ya shayar da ita. A fahimtarsu, tururin nan shi ne addu'a da tuba da bin umarni, waɗanda idan sun hau sai rahama ta amsa musu ta sauko.

Salihi kuwa suna kiransa tsaddiƙ, kalmar da tushenta ɗaya da siddiƙi na Larabci. A cikin sefirot goma, wato matakan da suke cewa ta nan hasken Ubangiji yake bayyana, na tara shi ne Yesod, ma'ana harsashi, kuma shi ne mazurarin da ke tattara albarka ya zuba wa na goma, Malkut. Annabi Yusufu suke kawowa misali, domin ya kame kansa a gidan ubangidansa, sannan ya ciyar da Masar a shekarun yunwa.

Ƙungiyar Hasidawa, wadda ta taso a Gabashin Turai daga koyarwar Ba'al Shem Tob da ya rasu a 1760, ita ta mayar da wannan matsayi na shugaba mai rai. Elimelek na Lizhensk, ɗaya daga cikin shugabanninsu, wanda ya rasu a 1787, ya koyar da cewa salihi yakan sauko zuwa matakin talakawa domin ya ɗaga addu'arsu, ya jawo musu 'ya'ya da lafiya da abinci. A ganina nan ne wurin da ya fi buƙatar hattara, domin almajiri yana iya naɗe hannu ya bar wa shugaba farkawar da shi ma ake nema daga gare shi. Malaman Yahudawa na birnin Bilna, a ƙasar Lituweniya ta yau, sun yi adawa da Hasidawa har suka haramta hulɗa da su a 1772, kuma girmama shugabanni fiye da kima yana cikin abubuwan da masu adawa suka daɗe suna zarginsu da shi.